Na Gida Ba Ya Gajiya

Tifa ta juye yashi a ƙofar gida tun rana ba ta yi zafi ba, ta toshe rabin layin, direban ya ɗaga hannu ya yi gaba. Injiniya ya fito da makullin mota a hannu, ya tarar da yayansa tsaye yana kallon tulin. Ya rusuna har ƙasa kamar yadda ya saba, don shi mutum ne da ba ya wasa da girman na gaba.

"Yaya, an tashi lafiya? Don Allah kada ka taɓa yashin nan. Ina isa wurin aiki zan turo leburori biyu su shigar da shi."

"To, Allah ya kai ka lafiya."

Leburori ba su zo ba. Da hantsi mai kantin layin ya aiko cewa motar kayansa ta kasa wucewa. Da azahar hadari ya haɗo. Yaya ya dubi sama, ya dubi yashi, ya san in ruwan nan ya sauka rabin tulin kwata zai bi. Sai ya ɗauko baro da shebur.

Da yamma Injiniya ya dawo ya tarar da ƙofar gida fes, har an share.

"Haba Yaya! Ai na ce ka bari."

Bai jira amsa ba ya juya wajen matarsa yana murmushi. "Kin gani ko? Mutanen da kenan. In ka hana su aiki, ciwo suke yi."

Yaya magini ne, a kan bango furfura ta same shi. Ƙaninsa ne ya ɗauko shi ya kawo shi gidan, ya ce ya isa haka, ya zo ya huta. Shi kuwa Injiniya shi ne manajan wani katafaren gini da kamfaninsu ke yi a tsakiyar gari, kuma an san shi da abu biyu: tsara aiki da kiyaye lafiyar ma'aikata. Gidansa dai ƙasa ne kawai aka gama. An zuba kankare a sama, rodi sun yi cirko-cirko suna jiran ranar da za a ɗora bene.

Maganar da "ɗan duba mana" ta fara. Yaya ya hau ya duba. Daga nan sai "ɗan ja mana igiya mu ga yadda ɗakunan za su zauna." Ya ja. Sai aka wayi gari an sauke bulo a tsakar gida, Injiniya ya ce ai kafin ya samo magina, Yaya ya ɗan aza layin farko don kada baƙin hannu su ɓata masa tsari. Layin farko ya haifi na biyu. Magina kuwa har yau ana nemansu.

Shi ke kwaɓa siminti a ƙasa, shi ke ɗora kwano a ka ya hau tsanin katako, shi ke saukowa ya ɗauki bulo. Aikin mutum huɗu, ƙafa biyu.

Da bango ya kai masa ƙirji, Yaya ya ga abin ya wuce wasa. Ya sa riga mai tsabta ya tafi wurin aikin ƙaninsa. A bakin ƙofa maigadi ya tare shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Wajen Injiniya. Ƙanena ne."

"Ko ubansa ne kai ba za ka shiga haka ba. Dokarsa ce. Ba hular kwano, ba takalmin aiki, ba shiga."

Yaya ya tsaya a bakin waya yana leƙe. Ya ga magina tsaye a kan gadon ƙarfe na hawa gini, mai faɗi da makari ta kowane gefe, kowa da igiya ɗaure a ƙugu. Ya ga inji na ɗaga bulo zuwa sama. Yana nan tsaye aka buga ƙararrawa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, suka nufi wata rumfa inda aka jera randunan ruwan sanyi. Can ya hango ƙaninsa yana yi wa wani saurayi faɗa don ya cire safar hannu.

"Siminti wuta ne!" in ji Injiniya, muryarsa har bakin titi. "In hannunka ya lalace, da me za ka ci da iyalinka? Gini ana sake shi, mutum ba a sake shi!"

Yaya ya dubi tafin hannunsa, ya mayar da shi aljihu.

Da Injiniya ya fito, ya rusuna a gaban ma'aikatansa duka, har maigadi ya ji kunya. Yaya ya faɗi abin da ya kawo shi: lebura ɗaya mai miƙo masa kaya, da aron ɗan guntun gadon ƙarfen nan, don bango ya kusa fin tsayinsa.

Injiniya ya yi ajiyar zuciya. Ya nuna masa wani babban allo da ke jingine a bangon ofis, an zana shi gida-gida da launi kala-kala.

"Yaya, ka ga jadawalin nan? Kowane mutum a nan da gurbinsa. In na zare lebura ɗaya, masu zuba kankare su tsaya. In suka tsaya, kafintoci su tsaya, masu wuta su tsaya. Kuma ba zan ƙara wa sauran nauyi ba, gajiya ita ce uwar haɗari. Gadon ƙarfe kuwa kayan kamfani ne, amana ce a hannuna. Kai ka koya mini tsoron amana."

"Haka ne," in ji Yaya.

"Amma akwai durom biyu a bayan gida. Ka ɗora musu katako. Ai ku da haka kuka gina rabin garin nan, wa ya taɓa jin kun faɗo?"

Ya sa direba ya mayar da Yaya gida, don kada ya sha rana.

Kwanaki suka yi ta tafiya, hannun Yaya ya fara tsagewa. Da farko kaushi ne, sannan ya dare tsakanin yatsu, in ya sa a ruwa sai ya runtse ido. Ya yayyaga tsohon zani ya naɗe. Matar Injiniya ta gani wata rana da ya miƙo hannu zai karɓi kwanon abinci.

"Wayyo Yaya, sannu! Ka riƙa shafa mai mana." Ta miƙa masa kwanon. "Af, tunda kana tsaye, don Allah ɗan cika mana durom ɗin wanki, famfon ya ɗauke. Kuma Yaya, in za ka sauko ka riƙa kaɗe ƙafa a waje, jiya sai da na sake goge falo."

Ba muguwar mace ba ce. Kullum tana cika masa kwano har ya yi tozo, kuma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. In ƙawayenta suka zo suka ji ƙarar guduma a sama, takan ce, "Yayan maigidan ne. Mun yi mun yi ya zauna, ya ƙi. Shi gini a jininsa yake."

Bayan hannu sai baya. Da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Bayan baya sai tari, irin busasshen nan da ƙurar siminti ke sawa. Na ƙarshe da ya zo shi ne jiri. In ya sunkuya ya ɗago, sai ya ga unguwar ta karkata, rufin maƙwabta ya yi gefe guda, sai ya rungume bango har ta dawo daidai.

Ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya shiga ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Tsohuwa ce tukuf, ido ya yi rauni, tana zaune a kan katifar da Injiniya ya saya mata, fanka na kaɗa ta.

"Inna, jikin nan fa ya fara ƙi. Ki yi wa yaron nan magana ya samo mini mataimaki."

Inna ta lalubo hannunsa, ta ji tsumman da ya naɗe, ta sake shi da sauri kamar ta taɓa garwashi.

"Kai dai ka yi haƙuri. Ɗan'uwa rabin jiki. Wa ke ci da mu a gidan nan? Wa ke saya mini magani? Yanzu in ka ce ka gaji, matarsa ta ji, me za ta ɗauke mu? Gidan ƙaninka ai gidanka ne. Mutum na gajiya da aikin gidansu?"

"Jiri nake ji, Inna."

"Rashin cin abinci da wuri ne. Tun kana yaro haka kake."

Ran nan Injiniya ya dawo da fara'a, ya hau sama da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya kanne ido ya duba miƙewarsa.

"Wallahi Yaya, a duk maginan da nake da su babu mai hannunka. Albishirinka. Na samu injin kwaɓa kankare, mai shi abokina ne. Ranar hutun ƙarshen makon nan babu inda za a kai shi, zai ba mu kyauta. In muka kuskure wannan rana, sai bayan damina. Saboda haka bangon nan na waje dole ya kai kan tagogi kafin ranar."

Yaya ya dubi bangon. Shi ne na bakin titi, wanda in ka leƙa ta kansa babu komai sai ƙasa.

"Ba zai yiwu ba ni kaɗai. Kuma ina ganin jiri."

"Jiri?" Fuskar Injiniya ta canza, ya nuna damuwa sosai. "Subhanallahi! Me ya sa ba ka faɗa ba? A wurin aikina mai jiri ko tsani ba ya taɓawa."

Yaya ya ji sanyi a ransa. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Bari in aika a sayo maka maganin ƙarin jini. Ka sha yau da gobe, ka ga kafin jibi ka warware. Ka riƙa farawa da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ta yi sanyi da la'asar ka koma. Tsari ne kawai, Yaya. Komai tsari ne."

Aka sayo magani, kwalba mai kyau da hoton wani ƙaƙƙarfan mutum a jiki. Yaya ya sha. Ya fara da sassafe kamar yadda aka tsara, sai dai da rana ta yi zafi bai sauko ba, don lissafin bulon bai san da zafin rana ba. Ya mirgina durom biyun zuwa bakin bango, ya ɗora katako. Ɗaya durom ɗin gindinsa ya lotsa, sai ya sa masa gutsuren bulo ya tokare.

Ana jibi injin zai zo, kamfanin su Injiniya ya shirya taro. Shekara guda cur ana aikin katafaren ginin nan ko yatsa ba a rasa ba. Aka kafa rumfuna, manya suka zo, aka kira Injiniya ya karɓi lambar yabo. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce shi kowane lebura ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka yi ta tafi.

A daidai lokacin Yaya na tsaye a kan katako da bulo a hannu. Ya ɗaga shi zai aza, unguwar ta karkata kamar yadda ta saba. Ya miƙa hannu zai rungumi bango, amma layin da ya kama ɗanye ne, yanzu ya aza shi. Bulon ya biyo hannunsa. Gutsuren da ke ƙarƙashin durom ya goce.

Matar Injiniya na kicin ta ji ƙara. Ta ɗaga murya ta taga: "Yaya, a riƙa sauke kaya a hankali mana, Inna na barci!"

Telan da ke da shago a tsallaken titi shi ya gani da idonsa. Ya bar keken ɗinki yana juyi ya fito da gudu yana salati. Shi da mai kanti suka ɗauki Yaya a kan wata tsohuwar ƙofa, suka sa shi a motar kaya.

Injiniya ya iso asibiti da rigar taro a jikinsa. Ya yi kuka, kuka na gaske, har ma'aikaciyar jinya ta ba shi kujera. Da likita ya fito ya ce ƙashin ƙugu ya karye, ƙashin baya ma ya taɓu. Rai dai ya tsira, amma tafiya sai abin da Allah ya yi. Sannan ya tambaya, "Wane aiki yake yi? Daga ina ya faɗo?"

"Ba ya aiki, likita," in ji Injiniya da sauri. "Ya daɗe da ajiye aiki, a wurina yake zaune yana hutawa. Sama ya hau shan iska, ka san tsufa."

Likita ya ɗago hannun Yaya, ya dubi tsagar da siminti ya cika, ya dubi Injiniya. "Baba, haka ne?"

Yaya ya dubi ƙaninsa. Ya ga idon nan da ya sani tun yana goye, yana roƙonsa ba da baki ba. Ya san in maganar ta fita, ta isa kamfani, akwai abin da zai zube wanda ya fi bango. Ya rufe ido.

"Haka ne," in ji shi.

Masu zuwa dubiya suka cika gida, kowa aka ba shi bayani daidai kunnensa.

"Na sha gaya masa ya bari," in ji Injiniya. "Ku tambayi kowa, tun ranar da aka kawo yashi na ce kada ya taɓa."

"Ga abinci, ga ɗaki, ga fanka," in ji matarsa. "Me muka rage shi da shi?"

"Ƙaddara ta riga fata," in ji Inna. "Shi dai tun yana yaro akwai taurin kai."

Tela ne kaɗai ya ce, "Amma dai tsoho irin wannan, shi kaɗai a kan durom..." Sai aka miƙo masa lemo, aka yi masa godiyar ɗawainiya, aka raka shi har ƙofa.

Ranar injin kwaɓa kankare ta wuce, damina ta zo ta tafi. Aka sallamo Yaya, aka kwantar da shi a ɗakinsa na ƙasa, sai an juya shi yake juyawa. Gini kuwa ba a barinsa rabi. Wannan karon Injiniya bai yi wasa ba. Ya ɗauko magina da leburori daga wani kamfanin haya, da shugabansu, wani gajere mai ƙatuwar murya. Suka kafa gadon ƙarfe ya zagaye gidan, suka ɗaura raga, suka kafa ɗan inji mai jan bulo sama. Kowa da hularsa da igiyarsa. Injiniya da kansa ya zauna ya tsara musu wanda zai kwaɓa, wanda zai miƙa, wanda zai aza, da lokacin da za su sha ruwa. Baƙi ne, in wani abu ya same su akwai mai tambaya.

Ta taga Yaya ke kallonsu. Ya ga mutum ya aza bulo biyar ya tsaya ya miƙe baya, ba wanda ya ce masa jininsa ne. Ya ga rana ta take sun sauko sun zauna a inuwa suna raha.

Kwana kaɗan da farawa shugaban maginan ya leƙo ɗakin, ya ga mutum kwance, ya fita ya sami Injiniya.

"Ranka ya daɗe, ba za mu yi aiki a saman ɗakin da marar lafiya ke ciki ba. In wani abu ya faɗo fa? Sai dai a matsar da shi."

Injiniya ya ji daɗin maganar ƙwarai. "Ka ji ƙwararru! Abin da nake koya wa mutanena kenan kullum."

Aka duba gidan kaf. Ɗakin Inna ba ya taɓuwa, falo na baƙi ne, ɗakin yara ya cika. Sai sito, ɗan ɗakin nan na bakin ƙofar gida wanda babu komai a samansa sai kwano. Aka tura buhunan siminti gefe guda, aka share, aka shimfiɗa katifa. Leburori huɗu suka ɗauko Yaya a hankali, shugabansu na cewa, "Ku lanƙwasa gwiwa, kada wani ya ji ciwon baya."

Da la'asar Injiniya ya shigo siton. Ya rusuna har ƙasa, ya gyara wa yayansa matashi, ya tambayi jiki. Yaya ya yi tari mai tsawo, ƙurar buhunan na yawo a cikin hasken da ya shigo ta ƙofa.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya, da sun gama za a mayar da kai." Ya waiga, ya rage murya. "Dama ina so in roƙe ka wani abu. Ka san baƙin hannu, ba a ba su amana duka. Tunda Allah ya sa ga ka a nan, ba abin da kake yi, ka riƙa sa mana ido a kan simintin nan da mai shiga da mai fita. Har na yi niyyar ɗaukar maigadi, sai na ce ina amfani, ga na gida?"

Yaya ya dubi ƙofa. A waje magina na wanke kayan aiki, suna rataye huluna, wani na kiran wani su tafi kada su rasa mota.

"To," in ji Yaya. "Ƙarfe nawa ake tashi?"

Injiniya ya tuntsire da dariya har da dafa gwiwa. Ya fita tsakar gida yana kiran matarsa. "Zo ki ji Yaya! Wallahi sauƙi ya samu, har ya fara barkwanci."

Ya shige ciki yana maimaita maganar yana dariya. Magina suka fice ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ya ɗaga wa Yaya hannu ya ce, "Baba maigadi, mu mun tashi, sai da safe."